Karen Farauta a Kudancin Katsina: Ziyara Zuwa Wani Gidan Tarihi Marar Allo

Gabatarwa

Ran nan muna aji ana darasin al'adun Hausawa, an zo kan sana'o'in gargajiya, sai malaminmu ya haska mana wani hoto a bango. Hoton wani kare ne dogo, siriri, mai roɗi-roɗi, yana tsaye cikin akwatin gilashi. Malam ya ce wannan kare ya mutu tun 1939, amma aka feɗe shi, aka jeme fatar, aka cusa ta aka tsayar kamar mai rai, yana nan har gobe a gidan tarihin halittu na garin Tirin a Ingila, mutane suna zuwa kallonsa. Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Lalle Bature ya rasa aikin yi." Ni ma na yi tawa dariyar har da buga tebur. Malam ya bari sai da muka lafa, sa'an nan ya ce, "To, madalla. Cikinku wa zai gaya mini sunan karen farauta guda ɗaya tak na garinsu, da abin da ya yi?" Aka yi tsit kamar ruwa ya cinye mu.

Ni dai kunya ce ta rufe ni, domin kuwa jikan mafarauci ne ni, kuma tsohon yana nan da ransa a gidanmu a Ƙanƙara, ɗakinsa yana kallon nawa. Saboda haka da aka ba da hutu na ɗauri aniyar in kai masa ziyara irin wadda ake kai wa gidan tarihi, watau in shiga da littafi da alƙalami, in tambayi kowane abu da na gani. Abin da na tsinto shi ne na kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina a wannan 'yar maƙala. Amma kafin mu shiga ɗakin, ya kamata mai karatu ya ji labarin karen cikin gilashi, don ya ga inda tarihin nasu da namu suka haɗu, da inda suka rabu.

Karen cikin gilashi

Sunan karen Mick the Miller. An haife shi a ƙasar Ailan a 1926, a gidan wani limamin coci. Irin karnukan nan ne da Turawa ke kira girehaun, masu zurfin ƙirji da tsukakken ciki, waɗanda gudunsu kan kai kusan kilomita 70 a awa. Ya ci babbar gasar tseren karnuka ta Ingila sau biyu a jere, a 1929 da 1930, a filin White City na Landan, ya kuma taɓa cin tsere 19 a jere ba wanda ya sha gabansa. Har fim aka yi da shi a 1934.

To, shi wannan tsere asalinsa farauta ce. Tun da daɗewa masu hali na Ingila kan fita da karnukansu fili, a ta da zomo, a saki karnuka biyu a kansa, alƙali yana biye a kan doki yana ba da maki. Babbar gasar irin wannan ita ce Kofin Waterloo, wadda aka fara a 1836 kusa da Libaful. Daga baya wani Ba'amurke mai suna Owen Patrick Smith ya ƙera zomon ƙarya wanda inji ke ja bisa ƙarfe, ya buɗe filin tsere a Emeryville ta jihar Kalifoniya a 1919. Ran 24 ga Yuli, 1926, aka yi tsere na farko irin wannan a Ingila, a filin Belle Vue na Manchesta, mutum wajen 1,700 suka halarta. Kafin a ce haka abin ya bazu, ya zama wasan leburorin masana'antu, waɗanda ba su da halin zuwa sukuwar dawaki. Da ma caca ce ke riƙe da shi, kowa ya zo da 'yan sulallansa ya zuba a kan karen da ya yi masa.

Yanzu kam wasan yana gargara. Dokar da aka yi a Ingila a 2004 ta hana sakar wa zomo karnuka, aka yi Kofin Waterloo na ƙarshe a 2005. An rufe White City tun 1984, aka rufe Belle Vue a 2020. A Amurka mutanen jihar Filorida suka jefa ƙuri'a a 2018 suka hana, zuwa 2023 filaye biyu kaɗai suka rage a ƙasar duka. A 2024 gwamnatin Niyu Zilan ta ba da sanarwar ita ma za ta hana. Dalilan kuwa su ne yawan karayar da karnukan ke yi a kwana, da halaka waɗanda suka tsufa ko suka kasa, ga kuma sababbin hanyoyin caca da suka janye 'yan kallo. Amma duk da haka ba su bar abin ya tafi ba shaida ba. A garin Abilin na jihar Kansas akwai gidan tarihi sukutum na karnukan tsere, inda aka tara kofuna da hotuna da sunayen zakaru da asalin kowanne, har ma tsofaffin karnukan da suka yi ritaya su ke tarbar baƙi a bakin ƙofa.

Matsayin kare wurin Bahaushe

Mu kuwa a nan, in ana maganar dabba mai tarihi, doki ake nufi. Kowane ɗan Katsina ya san Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da irin son da ya yi wa sukuwa da ƙwallon dawaki, haka kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981. Hotunansu bisa dawaki suna nan, makaɗan fada sun wasa su, marubuta sun rubuta. Doki dabbar fada ce, shi ya sa ya sami marubuta. Kare kuwa na talakan ƙauye ne, kuma ko a bakin talakan sunansa zagi ne. In aka ce wa mutum "kare" an gama da shi, in aka ce "ya yi mutuwar kare" an nuna ƙarshen wulaƙanci.

Abin mamaki shi ne, shari'a ba ta wulaƙanta karen farauta haka ba. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, muddin an ambaci sunan Allah. Hadisai sun ba da izinin ajiye kare don farauta, da kiwo, da gadin gona. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, suna da bayani kan sharuɗɗan farauta da kare. Watau dai ilmin yana cikin littafi, aikin yana hannun mutanen ƙauye, amma ba a sami wanda ya zauna ya rubuta yadda aikin ya gudana a ƙasarmu ba. Ga shi kuwa garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, in ka bi tarihin kafuwarsu, za ka tarar maharbi ne ya fara sarar wurin.

Ɗakin Kaka

Kakana ya haura shekara 80. Mutumin wani ƙauye ne na yammacin Faskari, a gefen dajin Kogo, can aka haife shi, can ya tsufa, sai a 2020 ya dawo wurinmu a kan dole. Da na yi sallama na shiga da littafina, sai ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "A'a, ɗan boko, mi ya kawo ka ɗakin mai warin kare? Ko takardar ta ƙare?" Na ce, "Tsoho, yau kai ne takardar." Ya ce, "To, zauna, amma kada ka taɓa mini kwari, akwai sauran dafi."

Shekara biyar ina shiga ɗakin nan gaisuwa, ban taɓa ɗaga kai na dubi bango da idon basira ba. Ga kwari da baka a rataye, tsirkiyar ta saki. Ga gora mai ƙarfe a kai, ga gariyo, ga barandami. Ga warki wanda ya yi baƙi ƙirin don tsufa, da 'yar shara mai layu, da burgami, da ƙahon gwanki wanda ake busawa in an ɓace wa juna a daji. Can gefe kuma, a kan ƙusa guda, ga wasu abin wuya na fata guda uku, kowanne da 'yar laya ɗinke a jiki. Na tambaye shi. Ya ce karnukan da ya riƙe a rayuwarsa sun fi ƙarfin ƙirga, amma uku ne ya kasa jefar da abin wuyansu. Ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a gwiwa. A nan na gane cewa tarihin dajin ƙasarmu na shekara 60 ne ke rataye a ƙusar nan.

Duna: zamanin da daji yake daji

Na farko na wani baƙin kare ne mai suna Duna, wanda ya samu yana ɗan kwikwiyo a shekarar da aka sami mulkin kai, watau 1960. Kaka ya ce shi mafarauci tun a kwikwiyo yake gane karen gudu: a duba zurfin ƙirji, da tsukewar ciki, da tsawon ƙafafun baya, da siririn baki. Sai a yanke masa kunne tun yana ƙarami don kada ƙaya ta yage shi ko abokin faɗa ya sami mariƙa. Abincinsa kunu da nono da ɗan tuwo, ba a sabar masa da ɗanyen nama, don kada ya riƙa cinye abin da ya kama. Ana fara koya masa da gafiya a bayan gari, har ya san in an sake shi ya tafi, in an kira shi ya dawo. Da ya faɗi haka na tuna wannan shi ne ainihin sharaɗin da malaman fiƙihu suka gindaya wa horarren kare. Kaka bai yi zurfi a karatu ba, amma ya ce bai taɓa kwance igiya ba tare da bisimilla ba, kuma in ya tarar da naman da sauran rai, wuƙa yake sa masa.

A wancan zamani farauta iri biyu ce, ta yini da ta kwana. In an gama kaka, an kai amfanin gona rumbu, sai Sarkin Dawa ya sa a yi shela a kasuwanni cewa rana kaza za a haɗu wuri kaza. Garuruwa su fito, kowace ƙungiya da makaɗinta na gangi, 'yan tauri suna kirari suna gwada wuƙa a jiki, karnuka suna ta haushi a igiya. Ta kwana kuwa takan ɗauki mako guda ko fiye. Kaka ya ce sukan tashi daga wajen Birnin Kogo, su yanka kudu ta ƙasar Sabuwa, har su dangana da dajin Birnin Gwari, inda gandun Kamuku yake. Abin da ake samu ya haɗa da gada, da barewa, da mazo, da zabin daji, da zomo ba iyaka, wani lokaci a yi sa'a a ci karo da gwanki.

Na tambaye shi ko su ma suna tseren karnuka. Ya yi dariya ya ce ai farauta duk tsere ce. In zomo ya tashi a fako, inda ba ciyawa ba kurmi, sai kowa ya tsaya cik, masu karnukan da ke kusa su saki, sauran jama'a su zuba ido suna ihu, kowa yana kiran sunan nasa. Zomo ba ya gudu miƙe, zilliya yake yi, kare ya taho da ƙarfi ya wuce shi, kafin ya juyo zomo ya ba da rata. Kaka ya ce, "Mu wurinmu karen da ya juyo zomo shi ya yi aiki. Wanda ya cafke, sau da yawa tsintar dami a kala ya yi." Na yi mamaki ƙwarai da jin haka, domin a Kofin Waterloo ma alƙali yakan ba da maki ne a kan juyo zomo, har kare ya iya cin gasa ba tare da shi ya kama ba. Mutanen nan ba su taɓa jin labarin juna ba, amma zomo ya koya musu hukunci ɗaya.

Ranar da Duna ya yi suna, gada ce ya kayar a gaban mutanen gari uku, a wani kwari cikin ƙasar Sabuwa. Nan da nan wasu ƙarti suka yi caa a kanta, kowa ya ce nasa ne ya kama, aka zare gariyo. Da ma wannan shi ne babban aibin farautar taro, ƙwace da sare-sare, mutane da dama sun rasa yatsu, wasu ma rayuka, a kan abin da bai kai kuɗin akuya ba. Sarkin Dawa ya zo ya sa aka buɗe bakin kowane kare, aka sami gashin gada da jini a haƙoran Duna kaɗai. Aka ba Kaka namansa, shi kuma ya ba karen kayan ciki, kamar yadda aka saba. Bayan shekara shida mugun dawa ya farke wa Duna ciki da haure, ya mutu a hannun maigidansa.

Ko a lokacin nan hukuma ta riga ta fara sa wa daji ido. Turawa sun yi dokar kare namun daji tun 1916, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963, wadda ta kasa namun kashi-kashi, akwai waɗanda aka haramta kashewa sam, akwai waɗanda sai da lasin. En'e tana da gandun daji da malaman daji masu kula da shi. A ɗaya gefen kuma noman auduga yana cin daji a hankali, tun da jirgin ƙasa ya ratsa ta Funtuwa ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, ga kuma gonar irin auduga ta Daudawa a cikin ƙasar Faskari kanta.

Guguwa: zamanin fari

Abin wuya na biyu ya fi sauran ƙanƙanta. Na wata karya ce ja, mai fararen ƙafafu, wadda ya sa wa suna Guguwa. A lokacin babban farin nan na 1973, Buzaye da yawa sun gangaro kudu bayan dabbobinsu sun ƙare. Wasu suka yada zango kusa da 'Yankara, a bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Kaka ya ga wata karya a wurinsu da 'ya'yanta, ƙashi da fata, amma tsayin ƙafafunta ya ba shi mamaki. Ya ba mai ita kwano 10 na dawa, a shekarar da kwano guda yake da daraja kamar zinariya, ya karɓi 'yar kwikwiya guda. Ya ce kakata ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Yadda ya siffanta ta, ga dukkan alamu irin karnukan nan ne na kwarin Azawak, wanda ke tsakanin Nijar da Mali, arewa da Tawa. Irin su ba da hanci suke farauta ba, da ido ne, daidai da girehaun na Turawa da saluƙi na Larabawa. Wani abin lura shi ne, a cikin shekarun 1970 ɗin nan ne aka fara kai irin wannan kare Turai, yau ga shi an yi masa rajista da sunan Azawak, ana rubuta asalin kowane ɗaya, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ma ta karɓe shi a 2019. Karen Sahel yana da littafin asali a ƙasashen da ba nasa ba.

Guguwa ta biya dawar nan ninkin ba ninkin. Kaka ya ce a bazarar 1974, sa'ad da rumbu ya koma fayau, kusan kullum sai ta kamo zomo biyu ko uku, wani lokaci da gafiya ko kurege. A ci ɗaya, a kai saura kasuwa a auno hatsi. Mahaifina yana yaro a lokacin, kuma shi da kansa ya tabbatar mini cewa romon zomo ne ya fid da su wannan shekara. A nan ne bambancin karenmu da na cikin gilashi ya fito sarai. Wancan yana bin zomon ƙarya don wasu su ci caca, wannan tana bin na gaske don yara su kwana da abu a ciki.

A tsawon rayuwar Guguwa ne daji ya ja da baya ƙwarai. A 1975 aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da gundumomin Faskari da Ƙanƙara. Aka yi hanyoyi, aka kawo takin zamani da tarakta, masara ta samu shiga, gonaki suka faɗaɗa. Jama'a ta amfana, ba shakka, amma inda gada ke kwana ya zama kunya-kunya. Bindiga ta yawaita, masu farautar dare da fitila suka shigo. Su ma mafarautan suna da nasu laifin, domin ƙunar daji da suke yi kowace shekara don su koro nama ba ta bar ƙanana ba, ba ta bar masu ciki ba. Kaka bai musa wannan ba. Ya ce, "Mun ci da yawa, ba mu bar iri ba." Guguwa ta mutu da tsufa a 1984, shekarar wani farin kuma, kuma kafin nan rabon Kaka da ganin gwanki har ya manta.

Ƙyale-su: zamanin da daji ya gagara

Na ukun sabo ne, fatar ba ta ko dushe ba. Bahaushe yakan sa wa karensa suna don ya yi habaici, to, shi wannan sunansa Ƙyale-su, saboda masu cewa tsoho kamar Kaka, mai jikoki a makaranta, bai kamata a gan shi da kare ba. Kare ne mai kyan ƙira, in ji shi, da ya zo a zamanin Duna da an ji sunansa har Sabuwa. Amma bai taɓa zuwa farautar kwana ko sau ɗaya ba, domin kafin ya girma dajin ya riga ya koma hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna cikin waɗanda ke bakin daji, waɗanda wannan masifa ta fi shafa a Jihar Katsina. Wanda duk ya shiga dajin Kogo da kare da gora, ko dai ya gamu da masu bindiga, ko a ɗauke shi ɗan leƙen asirinsu. Gangi ya yi shiru. Ƙyale-su ya ƙare a korar gafiya a bayan gida da gadin awaki.

A daminar 2020, 'yan makonni bayan harin da aka kai Kadisau a watan Yuni, wata rana da tsakar dare karen ya dinga wani irin haushi yana tunkarar yamma. Kaka ya ce shi ya san haushin kura, ya san na baƙo, wannan daban ne. Ya ta da mutanen gidan, suka fita ta baya suka shige cikin dawa, suka kwanta a kunya. Suna nan suka ji babura, suka ji harbi, haushin ya yanke. Da gari ya waye suka tarar an kore awaki da shanun noma, karen kuma yana kwance a ƙofar gida. Mutum 11 ne suka kwana a gonar nan, ba wanda ya rasa ransa.

Da aka zo kwashe kaya a dawo Ƙanƙara, wuri ya yi kaɗan a motar, Kaka ya sauke buhun masara guda ya ɗora tarkacen farautarsa. Mahaifina ya yi faɗa a kan haka, ni ma a lokacin na ga kamar rikicin tsufa ne. Ko wata shida ba a yi ba, ran 11 ga Disamba, 2020, aka zo har cikin Ƙanƙara aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, aka shiga da su dajin da a da yara ke bin manya farauta.

Farautar ba ta mutu ɗungum ba, ƙaura ta yi. Samarin da suka gaji sana'ar a sassan ƙasar Hausa yanzu sukan ɗora karnukansu a manyan motoci su nufi dazuzzukan kudu. Wannan ma da nasa haɗarin. A watan Maris na 2025 aka tare wasu mafarauta 'yan Jihar Kano a garin Uromi na Jihar Edo, suna hanyar komowa gida hutun salla, aka kashe 16 daga cikinsu bisa zargin masu satar mutane ne. Da na ba Kaka wannan labari ya daɗe bai ce kome ba, can ya ce a da mafarauci shi ake kira in gari ya shiga tsoro.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa mai karatu, ban rubuta wannan don in ce mu cusa fatar kare mu sa a gilashi ba, kuma ban ce a komo da ƙunar daji da sare-sare ba. Abin da nake cewa shi ne, tseren karnukan Turawa da farautar karnukanmu duka biyu suna bakin kushewa, amma su sun tanadi abin da jikokinsu za su gani, mu kuwa namu yana cikin kawunan tsofaffi waɗanda aka raba da garuruwansu, suna zaune a ɗakunan aro a Ƙanƙara da Funtuwa da Katsina. Duk wanda ya rasu cikinsu, ya tafi da sunayen kwaruruka da fadamu, da sunayen namun da ba mu taɓa gani ba, da kirari, da dokokin rabon nama, da magungunan sarar maciji. Daga abin wuya uku kaɗai na ji labarin mulkin En'e, da fari biyu, da zuwan tarakta, da tashin ƙauyuka. Ina kuma ga wanda ya zauna da tsofaffi goma?

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya tamu, kowane ɗalibi in ya je hutu ya nemi tsohon mafarauci ko maharbi guda a garinsu, ya gaishe shi da ɗan goro, ya naɗi maganarsa a waya, ya ɗauki hoton kayansa, ya rubuta sunan kowane abu yadda mai shi ya faɗa. In muka tara, sai mu roƙi sashe ya ba mu ko kabad guda ne mu fara ajiyewa. Masu iya magana sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Wannan aiki ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya yi mana shi.

Da zan fito na roƙi Kaka ya ba ni abin wuyan nan in kawo makaranta. Ya hana. Ya mai da su kan ƙusarsu, ya ce, "Ba yanzu ba, abokina. Amma ran da aka fita da ni, ka riga masu shara shiga ɗakin nan." Na yi masa alkawari.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Amin.